Horo da Takardun da Mai Kula da Masu Tawayar Ƙwaƙwalwa Yake Buƙata a Arewacin Kamaru

A gidaje da dama na Garwa, Marwa da Ngaundere, yaron da aka haifa da galahanga, ko shanyewar gaɓɓai, ko jinkirin fahimta, yana hannun uwa ne ko kaka, wani lokaci kuma 'yar aikin da ba a taɓa nuna mata komai ba. Tausayi suna da shi, amma tausayi kaɗai ba ya hana kunu sarƙe yaro. Wanda yake son ya riƙi wannan aiki a matsayin sana'a, ko iyayen da ke neman wanda za su ɗauka, ga yadda lamarin yake.

Da farko a raba takardu gida biyu. Akwai takardar halarta, wadda ake bayarwa bayan bita ta kwana uku ko mako guda. Abin da take shaidawa kawai shi ne mutum ya zauna a wurin. Akwai kuma difloma ta gwamnati, wadda sai an ci jarrabawa. Masu ɗaukar aiki a asibitoci da cibiyoyi ta biyun suke fara tambaya.

Hanya mafi kusa ita ce karatun mataimakin jinya a makarantun da ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Da BEPC, wato takardar kammala ƙaramar sakandare, ake shiga, ta hanyar kwankur, jarrabawar gasa da ma'aikatar ke shiryawa, karatun kuma haɗe yake da aikin gwaji a asibiti. A tanadi kwafin takardar haihuwa da na BEPC da hukuma ta buga wa hatimi, da takardar likita, da takardar kotu mai lamba 3 da ke nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba. Wannan ta ƙarshe wata 3 kawai take aiki, don haka kada a yi saurin karɓarta tun kafin a buɗe rajista. Idan makarantar ta kuɗi ce, a je ofishin ma'aikatar lafiya na yanki a tabbatar tana da izini kafin a biya ko sisi. Nan ne mutane suka fi yin asara.

Sai dai mu faɗi gaskiya, wannan karatu ya fi karkata ga majinyacin da ke kwance a gadon asibiti, ba ga yaron da ba ya magana kuma yake buga kansa da bango ba. Shi ya sa muke ba da shawarar a nemi ƙarin aikin gwaji a wurin da ake zama da irin waɗannan yara kullum, kamar Gidauniyar Baitalami da ke Muda kusa da Marwa, ko cibiyar ƙasa ta gyaran naƙasassu mai sunan Kardinal Leje a unguwar Etug-Ebe ta Yawunde. A haɗa da horon agajin gaggawa na ƙungiyar Croix-Rouge, a riƙa sabunta shi, domin hannu yana mantuwa.

Ga iyaye kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri na musamman don masu riƙon yara 'yan shekara 2 zuwa 9: zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, akwai kuma wanda ake bi ta intanet. Ba lasisin aiki ba ne, amma yana koyar da yadda ake amfani da wasa da wanka da cin abinci wajen buɗe wa yaro hanyar sadarwa.

Ko wace takarda mutum ya riƙe, akwai abubuwan da dole a ga hannunsa ya iya. Farfaɗiya ce kan gaba, domin tana yawan zuwa tare da waɗannan lalurori. Idan ta tashi, a janye murhu da tukunya da duk abin da zai ji masa rauni, a sa zani a naɗe ƙarƙashin kansa, a duba agogo. Ba a danne shi, ba a cusa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura ruwa ko rubutu ko man ja. Abin da aka ɗura huhu yake wucewa. Da jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefe don yawu ya zubo. In ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, sai asibiti nan take. Maganin farfaɗiya irin su fenobarbital ba a tsayar da shi kwatsam don an ga sauƙi ko don kuɗi ya yanke, hakan na jawo faɗuwa mai tsanani. A sayi na gaba tun saura na mako guda.

Ciyarwa ma a tsaya a kanta. Yaro mai shanyewar gaɓɓai a zaunar da shi bayansa a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuya, ba a kwance a cinya kai ya karye baya ba. Ƙaramin cokali, rabi-rabi, a jira a ga maƙogwaro ya motsa kafin a ƙara. Kunu mai kauri ya fi ruwa-ruwa aminci, saboda mai ruwa yana rigan haɗiya sauka. Tari lokacin ci, ko murya mai gurgur bayan haɗiya, ko zazzaɓi da ciwon ƙirji da ke ta dawowa, alamu ne abinci na shiga huhu, a kai shi a duba. Bayan ya gama a bar shi a zaune minti 30. Wanda ba ya iya juyawa da kansa kuma a juya shi duk awa 2, a duba ƙugu da diddige da gadon baya. Jan tabon da bai gushe ba bayan an ɗauke nauyi, gyambo ne ke shirin fitowa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, yaron da ba ya magana ba zai ce yana jin ƙishi ba. A ba shi ruwa a kan lokaci, a lura da launin fitsari.

Ihu da cizo da fasa kaya yawanci saƙo ne. A sami littafi a rubuta abin da ya faru kafin, da abin da ya yi, da abin da aka yi masa bayan nan. Cikin mako biyu sau da yawa za a ga dalilin: ciwon haƙori, cushewar ciki, ƙarar injin niƙa, ko sauya masa tsarin yini. Duka da ɗauri da kullewa a ɗaki ba su cikin aikin nan ko kaɗan.

Mai kula ya san dokar ƙasa mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 kan kare naƙasassu, ya kuma raka iyaye cibiyar ma'aikatar jin daɗin jama'a (MINAS) da ke ƙaramar hukumarsu don neman katin naƙasa, wanda da shi ake neman rangwamen da dokar ta tanada a makaranta da asibiti.

Iyaye kuma, ranar ɗaukar mai kula, ku nemi ganin takardar asali ba kwafi ba, sannan ku ce ya ciyar da yaron a gabanku, ya kuma nuna muku da matashi yadda zai kwantar da shi idan farfaɗiya ta tashi. Ku ba shi mako guda yana aiki kuna gida kafin ku bar masa yaron shi kaɗai.