Yadda Ake Shirya Hutun Kwana Uku a Babban Birni Ba Tare da Mota Ba

Idan hutu ya haɗu da ƙarshen mako, mutum ya samu kwana uku ko huɗu a jere, abin da ya fi hana shi motsawa shi ne tunanin cewa ba shi da mota. Ni kuwa na daɗe da gamsuwa cewa a babban birni mota kaya ce a kai: ga cunkoso, ga neman wurin ajiye ta, ga fargabar hanyar da ba ka sani ba. Mai tafiya a ƙasa shi ke ganin gari da kyau. Sai dai irin wannan tafiya tun daga gida ake tsara ta, kuma rabin tsarin ya rataya ne a kan inda za ka kwana.

Mataki na farko, zaɓi garin da jirgi ko bas zai kai ka kai tsaye. Kwana uku ba su da yawa, don haka kada hanya ta cinye maka su. A ganina duk tafiyar da ta wuce awa huɗu zuwa, awa huɗu dawowa, ta yi wa gajeren hutu nisa. Kuma ka yi lissafin daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar masauki. Jirgin sama na iya yin awa ɗaya kacal a sama, amma sai ka isa filin jirgi da wuri, ka bi layin bincike, in ka sauka kuma ka tarar filin yana can bayan gari. Jirgin ƙasa kuwa galibi tsakiyar birni yake sauke ka. Sayi tikitin zuwa da na dawowa tare, domin ranar da hutu ya ƙare kowa gida yake nema, kujera takan yi wuya.

Mataki na biyu shi ne masauki, kuma a nan nake so ka fi ɓata lokaci. Mai lafiya yana tafiyar kilomita ɗaya a cikin minti 12 zuwa 15. Ke nan masaukin da ke nisan mita 800 daga tashar jirgi ko bas na cikin gari tafiyar kusan minti goma ce, kuma wannan ita ce iyakar da nake ba wa kaina. Ka tuna za ka yi wannan tafiyar aƙalla sau biyu kullum, ɗaya da safe da ƙarfinka, ɗaya da dare ƙafa ta yi nauyi. In so samu ne, tashar ta kasance inda layi biyu suka haɗu, ta yadda ko ɗaya ya tsaya don gyara, ɗayan zai ɗauke ka.

Kada ka yarda da kalmar "kusa da tasha" da masu masauki ke rubutawa. Na taɓa kama ɗaki a wani wuri mai rangwame, a taswira kamar ka miƙa hannu ka taɓa tashar. Da na sauka da daddare, ana yayyafi, sai na iske layin dogo ya raba ni da unguwar, an katange shi da waya, gadar tsallakawa kuma tana can gaba da nisa. Ina hango fitilar masaukin da idona, amma sai da na yi kusan rabin awa ina jan jaka, tayarta ɗaya ta cika da taɓo ta daina juyawa. Tun daga ranar, kafin in biya kuɗi sai na buɗe taswira na zaɓi hanyar masu tafiya a ƙasa, na ga ainihin mintocin, na duba ko akwai kogi, ko tudu, ko babban titin da ba a tsallakawa. Ina kuma karanta abin da waɗanda suka kwana a wurin suka ce game da hasken titi da hayaniyar dare. Araha ba ta ado: ɗakin bayan gari da ya rage maka kuɗi, kuɗin tasi na dare biyu zai kwashe ragin har da ƙari.

Na uku, koyi yadda ake biyan kuɗin sufuri a garin tun kafin ka je, domin kowane birni da tsarinsa. A Landan kana iya ɗora katin bankinka ko wayarka a kan na'urar da ke bakin shiga tasha, kuma akwai iyakar da ba za a caje ka fiye da ita ba a rana, muddin kati ɗaya ka yi ta amfani da shi. A Istanbul kati guda, Istanbulkart, shi ke shigar da kai bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito. A birane da dama na Jamus da Italiya kuwa, sayen tikitin takarda bai wadatar ba, sai ka saka shi a ƙaramar na'ura ta buga masa lokaci, in ba haka ba mai bincike zai ci ka tara ko da tikitin na hannunka. Baƙi da yawa a nan suke faɗawa.

Inda ake sayar da tikitin awa 24, 48 ko 72, lissafin mai sauƙi ne. Raba kuɗinsa da kuɗin tafiya ɗaya, ka ga sau nawa sai ka hau kafin ya biya kansa. Idan masaukinka na tsakiya kuma ƙafa za ta yi yawancin aikin, wataƙila ba ka buƙatarsa.

Abu biyu ne lallai ka rubuta: lokacin jirgi ko bas na ƙarshe zuwa unguwarka, da jadawalin ranar hutu. A wurare da yawa motocin haya na gwamnati sukan ragu ranar Lahadi da ranakun hutu, bas ɗin da ke zuwa duk minti goma ya koma duk rabin awa. Ka kuma saka manhajar kiran tasi da ke aiki a garin, kamar Uber ko Bolt, ka yi rajista tun kana gida, ta zama ta ko-ta-kwana.

Na huɗu, raba garin kashi-kashi. Rubuta duk wuraren da ranka ke so, ka sa musu alama a taswira, za ka ga da kansu sun taru gungu-gungu. Kowace rana ɗauki gungu ɗaya: hau jirgi sau ɗaya da safe zuwa wuri mafi nisa, sannan ka riƙa gangarowa a ƙafa zuwa wajen masauki. Manyan wurare biyu a rana sun isa. Mai son ya ga goma, cikin tasha zai ƙare hutunsa yana kallon allon lokaci. Abin da ya fi zama a raina daga tafiye-tafiyena ba ya cikin jerin da na rubuta: wata 'yar kasuwar littattafai ce a lungu, da wani dattijo da ke gyaran agogo a bakin taga, na tsaya ina kallon hannunsa har na manta inda za ni. Da a mota nake, da wucewa zan yi. Saboda haka bar yammaci ɗaya babu komai a cikinsa.

Duba ranakun rufewa. Gidajen adana kayan tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin, ita ce kuwa ranar da dogon hutu ya saba ƙarewa. Wasu kuma tasu ranar daban ce, gidan tarihi na Louvre da ke Paris ranar Talata yake rufewa. A Jamus yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi. Wurin da ake cika, sayi tikitinsa ta intanet mai ɗauke da lokacin shiga, ka zaɓi na sassafe.

Na biyar, kaya. Jaka ɗaya wadda za ka iya hawa matakala da ita ba tare da taimako ba, domin ba kowace tasha ke da na'urar hawa ba. Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, kada ka kuskura ka sa sabo. Gorar ruwa, 'yar lema, da filastar ciwo ɗaya ko biyu.

Wayarka ita ce taswirarka da tikitinka, don haka riƙe fawa-banki, kuma in jirgin sama za ka hau a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Sauke taswirar garin a Google Maps don amfani ba intanet, amma ka sani taswirar da aka sauke ba ta nuna hanyoyin bas da jirgi sai da intanet. Don haka ɗauki hoton taswirar layukan da na tikitinka ka ajiye. Adireshin masauki kuma rubuta shi a takarda, da harshen mutanen garin, ka sa a aljihu. Ranar da caji ya ƙare, takardar nan za ka nuna wa direba ko mai shago, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Ranar ƙarshe ita mutane suka fi lalatawa. Yawancin masaukai suna so a bar ɗaki da ƙarfe 11 ko 12 na rana, jirginka kuwa wataƙila sai yamma. Tambayi masu karɓar baƙi ko za su riƙe maka jaka, da yawa suna yi, manyan tashoshi kuma sukan samu akwatunan ajiya na haya. Ajiye wa wannan rana wuraren da ke zagaye da tashar da za ka tashi, waɗanda ƙafa kaɗai za ta kai ka ta dawo da kai. Ka gwada hanyar daga wurin ajiyar jaka zuwa dandamalin jirgi tun da safe, ka san ƙofar da za ka shiga, sannan ka sa ƙararrawar waya ta buga saura awa ɗaya jirgi ya tashi.