Darasi na 9: Gano Lambobin da Suka Fito a Shafi Biyu

A ce kai ne sakataren ƙungiya. A fayil ɗinka na Excel akwai shafi mai suna Rajista, ɗauke da lambobin mambobi 600, da wani mai suna Biya, inda ake rubuta lambar duk wanda ya biya kuɗin wata. Ana son a san su wa suka biya. In ka ce da ido za ka bi, yatsa a kan allo, sai ka wuni kana kai da komo, kuma da wuya ka ƙare ba ka tsallake wani ba. Wanda aka tsallake kuwa, za a bi shi bashin da ya riga ya biya.

Nan ne makiro yake da rana. Makiro umarni ne da ake rubuta wa Excel a harshen VBA, ta riƙa maimaita aiki da kanta.

Kafin komai, kwafi fayil ɗin ka ajiye gefe, domin Ctrl+Z ba ya warware abin da makiro ya yi. Sai ka tabbata lambobin suna jerin A a kowane shafi, layin farko kuma na kanu ne. Danna Alt da F11 tare, zaɓi Insert, sannan Module, ka rubuta wannan:

Sub NemoMasuKama()
Dim i As Long
With Sheets("Rajista")
For i = 2 To .Cells(.Rows.Count, 1).End(xlUp).Row
If WorksheetFunction.CountIf(Sheets("Biya").Columns(1), .Cells(i, 1).Value) > 0 Then
.Cells(i, 1).Interior.Color = vbYellow
End If
Next i
End With
End Sub

Danna F5. Makiron zai fara daga layi na 2, ya ɗauki lamba, ya ƙirga sau nawa ta fito a Biya. In ya same ta ko sau ɗaya, sai ya shafa wa gidanta ruwan ɗorawa, ya wuce ta gaba.

Wani lokaci za ka ga lamba ƙuru-ƙuru a shafukan biyu, amma ba ta sami launi ba. Kada ka yi saurin zargin makiron. Galibi ɗan sarari ne ya maƙale a ƙarshen rubutun, ido ba ya ganinsa, Excel kuwa tana lissafa shi kamar harafi. Shiga gidan, kai ƙarshen rubutun, ka goge shi. In suna da yawa, TRIM, wato umarnin Excel mai cire sararin da ya wuce kima, zai share su. Babban baƙi da ƙarami kam ba su da bambanci a wajen CountIf.

Wajen adanawa zaɓi nau'in .xlsm, don .xlsx ba ya riƙe makiro.

Aiki: rubuta lambobi 10 masu haɗe da haruffa (kamar A01) a Rajista, maimaita 4 daga ciki a Biya, ka ƙara wa ɗaya sarari da gangan. Nawa ne suka sami launi?