Yadda shugaban sashen kuɗi zai gano abin da lissafi bai faɗa masa ba

A kusan kowace ma'aikata akwai ofishin da sai mutum ya tsaya a bakin ƙofa ya tsara maganarsa kafin ya shiga, kuma galibi na kuɗi ne. Wanda ke zaune a ciki yana ganin kamfanin kaf a allon kwamfuta: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ke waje, hajar da ke kwance a sito. Sai ya ɗauka ya gama gani. Alhali kowace lamba da ke gabansa sawun wata shawara ce da wani ya yanke a wani sashe, shi kuwa sawu yana nuna inda aka bi ne kawai, ba ya faɗin dalilin tafiyar. Shugaban da bai san dalilin ba zai yanke kasafin da bai kamata ba, a riƙa ɓoye masa gaskiya, hasashensa na ƙarshen shekara ya riƙa shan ƙasa. Ga yadda ake gyara wannan.

Da farko, ka zargi kujerarka

A 2006 Adam Galinsky da abokan aikinsa sun yi wani gwaji mai ban dariya a Amurka. Sun sa wasu mutane su tuna lokacin da suke da iko a kan wani, wasu kuma su tuna lokacin da wani ke da iko a kansu, sannan aka ce kowa ya rubuta harafin E a goshinsa. Waɗanda aka tuna wa iko sun fi rubuta shi yadda su za su karanta daidai, mai kallonsu kuwa ya gan shi a juye, har kusan ninki uku na ɗaya ɓangaren. Tuna iko kaɗai ke nan, ina ga wanda sa hannunsa ne ke sakin kuɗi kullum? Ka shiga aikin da sanin cewa muƙamin yana rage maka gani, ko da kai mutumin kirki ne.

Sannan ka binciko ma'aunin da ake auna kowa da shi

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe. Kafin ka ce manajan wani sashe ba ya da tattali, ɗauko takardar da ake duba ƙwazonsa da ita. Manajan tallace-tallace kamashonsa yana kan yawan cinikin da ya kawo, shi ya sa ba ya jin komai idan ya ba kwastoma kwana 60 ya biya maimakon 30. Kai kuwa ka san cewa idan ciniki bai canza ba, kuɗin da ke maƙale a hannun kwastomomi ya ninka ke nan, ga albashi da masu kawo kaya ba sa jira. Manajan masana'anta ana auna shi da awannin da injin ya yi yana aiki, don haka yake cika sito da kayan gyara, waɗanda kai kake gani a matsayin jari a kwance. Mai sayo kaya ana yaba masa idan ya samo da rahusa, sai ya yi oda mai yawa. Babu mahaukaci a cikinsu. Kowa rawar kiɗan da aka yi masa yake takawa, kuma sau da yawa sashen kuɗi ne ya ɗaura gangar.

Abin da ya faru a bankin Wells Fargo ya isa misali. An ɗora wa ƙananan ma'aikata adadin asusun da dole su buɗe, adadin ya fi ƙarfinsu, sai suka shiga buɗe wa kwastomomi asusu ba da saninsu ba. A 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma bayyana cewa ya kori ma'aikata wajen 5,300 a kan lamarin. Shekara da shekaru lambobin suna kyau a rahoto. Da wani babba ya zauna da mai karɓar kwastoma ya ji yadda ake cika adadin, kuma ya yarda da abin da ya ji, da ba a kai nan ba.

Tashi ka je

A kamfanin Toyota ƙa'ida ce tsohuwa cewa manaja ya je inda aikin yake ya gani da idonsa kafin ya yanke hukunci. Ware rabin yini a wata. Ka zauna kusa da mai amsa ƙorafin kwastomomi, ka bi mai talla zuwa wurin ciniki ɗaya, ka tsaya a sito lokacin sauke kaya. Kada ka je da fayil a hammata, don za a ɗauka bincike ka zo, kowa ya kama bakinsa.

Ka tambaya, kada ka ƙiyasta

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce mutum ya ƙaddara shi ne a matsayin ɗan'uwansa. Ni dai ba na ba ta nauyi sosai. Tal Eyal da Mary Steffel da Nicholas Epley sun wallafa sakamakon gwaje-gwaje 25 a 2018, suka ga cewa irin wannan ƙiyasin bai ƙara wa mutane dacewa wajen gane abin da ke zuciyar wani ba. Abin da ya yi aiki shi ne a tambayi mutumin a saurare shi. Matambayi ba ya ɓata, sai dai tambaya ma iri-iri ce.

Na taɓa zama a wani taron kasafi inda daraktan kuɗi ya ɗaga takarda ya dubi injiniyan da ke kula da injina, ya ce, "Me ya sa kuɗin kayan gyaranku ya haura haka?" Injiniyan ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, za mu duba." Shi ke nan, magana ta mutu. Bayan an tashi, wata akanta ta same shi a baranda ta ce, "Malam, idan babban injin nan ya tsaya yau, kwana nawa kafin a samo abin gyaransa?" Ya ce sati shida, don daga waje ake kawowa, kuma bara sau biyu ya tsaya, shi ya sa bana ya ajiye biyu. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Tambayar farko tuhuma ce, ta biyu kuwa neman sani. Irin ta biyun za ka riƙa yi: me zai faru idan ba a kashe kuɗin nan ba, me ke ci maka lokaci a tsarinmu na biya, wane abu ne kake ganin mu a ofishin kuɗi ba mu sani ba. Idan ka tambaya, ka yi shiru. Shirun zai yi maka tsawo, ka daure.

Daga nan ka maimaita masa abin da ka fahimta da bakinka, har sai ya ce haka ne. Idan ya ce "kusan haka", to da saura.

Mayar da lissafinka harshensa

Kai ma kana da mahangar da ba su sani ba, kuma laifinka ne idan ba su fahimce ta ba. Kada ka ce wa manajan talla jarin juyawa ya matse. Ce masa kwastomomi uku da ya ba kwana 60 sun riƙe kuɗin da za a biya mai kawo kaya, shi kuma ya dakatar da odar da manajan ke jira. Nan take zai gane, don yanzu abin ya taɓa cinikinsa.

Yanke hukunci, ka faɗi dalili, ka duba ko dokar ce ke da laifi

Fahimtar mutum ba ta wajabta ba shi abin da ya nema. Za ka ce a'a sau da yawa, aikinka ne, kuma akwai ƙa'idojin da ba a sassautawa ko da an fahimci uzuri, kamar raba mai amincewa da biya da wanda ke fitar da kuɗin. Amma ka faɗi abin da ka auna, da abin da zai sa ka sake shawara, da lokacin da za a sake dubawa. Wanda aka hana da dalili yakan dawo da gaskiya a kasafi na gaba. Wanda aka hana ba bayani kuwa zai ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan buƙatarsa don ya san za a zaftare, kai kuma ka zaftare don ka san ya ƙara, ku yi ta wasan ɓuya.

Wani lokaci abin da za ka gano shi ne dokarka ce ke haifar da halin da kake kuka da shi. Kowa ya san yadda sassa ke rububin kashe ragowar kasafi idan shekara ta zo ƙarewa, saboda abin da ba a kashe ba ƙwace shi ake yi, wataƙila ma a rage na baɗi. Jeffrey Liebman da Neale Mahoney sun bi kwangilolin gwamnatin tarayyar Amurka, inda shekarar kuɗi ke ƙarewa ranar 30 ga Satumba, suka ga kashe kuɗi a makon ƙarshe ya kai kusan ninki biyar na matsakaicin abin da ake kashewa a mako guda a sauran shekarar, kuma ayyukan kwamfuta da aka bayar a wannan rububin sun fi rashin inganci. A Ma'aikatar Shari'a kuwa, wadda aka yarje mata ta tsallaka da ragowar kuɗin irin waɗannan ayyuka zuwa shekara ta gaba, ba a ga ingancin ya faɗi ba. Don haka kafin ka rubuta takardar gargaɗi ga manajojin da suka cika teburinka da takardun neman biya a watan ƙarshe, ka kira biyu daga cikinsu ka tambaye su abin da za su yi da kuɗin da a ce an bar musu shi zuwa baɗi.