Yadda za ka shiga gidan Abraham Lincoln a Springfield

In Allah ya kai ka Amurka, musamman wajen Chicago, don Allah ka ware rana ɗaya ka je Springfield ta jihar Illinois ka ga gidan Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka. Jirgin ƙasa na Amtrak yana tashi daga Chicago, tafiyar awa uku da ɗoriya ce, a mota ma kusan haka.

Shiga kyauta ne, ko sisi ba ka biya, dalili kuwa ɗansa Robert da ya ba jihar gidan a 1887 sharaɗin da ya gindaya kenan, kar a karɓi kuɗin kowa. Amma fa sai da tikiti, kuma a ofishin baƙi da ke kusa da gidan ake karɓa, wanda ya riga zuwa shi ke samu, to ka yi sammako musamman lokacin zafi da 'yan makaranta ke cika wurin. Ma'aikaci ne zai zagaya da ku rukuni-rukuni, minti ashirin da wani abu an gama, shi ya sa gara ka san abin da za ka duba tun kafin ka shiga.

Fara da ƙofa, akwai ɗan allo an rubuta A. Lincoln. An gina gidan a 1839, shi kuma ya saye shi a 1844 kan dala 1,500 a hannun faston da ya ɗaura masa aure da Mary, shi ne kaɗai gidan da ya taɓa mallaka a rayuwarsa, shekara 17 suna ciki. A falon ka ɗan tsaya, nan wakilan jam'iyyar Republican suka zo a 1860 suka shaida masa shi ne ɗan takararsu na shugaban ƙasa, kuma a gidan nan ɗansu Eddie ya rasu a 1850 bai cika shekara huɗu ba, ni wallahi wannan ya fi taɓa min zuciya.

In za ka hau bene riƙe katakon gefen matakala da kyau, na asali ne, hannunsa ya sha bi ta wurin. A sama ka duba madubin askinsa yadda aka rataye shi can sama saboda tsawonsa.

Kana fitowa ka nufi maƙabartar Oak Ridge, ba nisa, can kabarinsa yake. A Fabrairun 1861 ya bar garin, gawarsa aka dawo da ita a 1865.