Yadda ma'aikata a Maradi za ta tsara aiki daga gida ba tare da ta juye wa ma'aikaci nauyinta ba

Ba sai an jira wata sabuwar doka ba kafin a fara aiki daga gida. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ɗauki mutum ma'aikaci ne muddin yana aiki ƙarƙashin umurnin wani kuma ana biyansa, ko a ina yake zaune. Akawun da ke haɗa lissafi a ɗakinsa a unguwar Zariya, da mai shigar da bayanan bincike daga Tasawa, haƙƙinsu ɗaya ne da na mai zuwa biro kullum. Abin da ke ɓata tsarin shi ne kuɗin wuta, kuɗin intanet da alhakin haɗari. A biro ma'aikata ce ke ɗaukar su, amma da an koma gida sai su sauka a kan ma'aikaci shiru, ba wanda ya furta. Matakan nan na hana haka ne.

Mataki na farko: a ware aikin da ya dace

Lissafi, fassara, rubuta rahoto, shigar da bayanai, zane a kwamfuta da amsa kiran abokan ciniki duk suna yiwuwa daga gida. Mai riƙe da sito ko mai karɓar kuɗi a hannu kuwa dole ya zo. A fara da kwana 2 ko 3 a mako, sauran a biro. Sabon ɗauka ya zauna cikin mutane tukuna har ya san hannun aikin.

Mataki na biyu: a rubuta, a sa hannu

Maganar baki ba ta isa ba, ko da tsakanin mutanen da suka yarda da juna. A yi ƙarin takarda a kan kwantiragin da ake da shi, kowane ɓangare ya riƙe kwafi mai sa hannu. Takardar ta faɗi adireshin da za a yi aikin, da ranakun, da lokacin da za a iya samun ma'aikaci a waya. Doka ta tsayar da awa 40 a mako, kuma zama a gida bai ƙara ko minti ɗaya ba. Mun fi damuwa da wannan saboda WhatsApp: shugaba ya turo saƙo bayan isha'i, ma'aikaci ya ji nauyin yin shiru, a kwana a tashi aikin ya cinye dare da ranar hutu. A rubuta ƙarara cewa saƙon da ya shigo bayan an tashi, amsarsa sai gobe, a kuma fitar da lokutan salla da na Juma'a tun farko.

Takardar ta nuna wa ya mallaki kwamfuta, wa ke gyara in ta lalace, da nawa za a riƙa bayarwa kowane wata na wuta da intanet. A rubuta kuɗin a layinsa daban, kada a cusa shi cikin albashi, domin ranar da farashi ya tashi a san abin da za a ƙara.

Albashi, hutun shekara da zubin CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ba sa canzawa. Adireshin nan da aka rubuta yana da amfani babba: idan wuta ta ja ma'aikaci yana haɗa batir a lokacin aiki, takardar ce za ta taimaka wajen nuna cewa haɗarin aiki ne sa'ad da ma'aikata za ta sanar da CNSS. Faransa ta sa wannan cikin dokarta tun 2017, inda ake ɗaukar haɗarin da ya faru a wurin da lokacin aikin gida a matsayin haɗarin aiki. A nan, hikima ita ce a rubuta shi a kwantiragi, a kuma kai wa sufeton aiki na jiha ya duba kafin a sa hannu. A ƙarshe a bar ƙofar komawa biro a buɗe ga kowane ɓangare, da sanarwar wata ɗaya.

Mataki na uku: lissafin wuta

Nan ne yawanci tsarin ke faɗuwa. Wutar NIGELEC ta yankin Maradi ta dogara sosai da layin da ke fitowa daga Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023. Ko ba rikici, bazara kaɗai ta isa. Saboda haka a lissafa kamar wutar gari ba za ta zo ba duk yini.

Kwamfutar hannu tana jan kusan wat 60, akwatin intanet 10, fanka mai aiki da batir 20, fitila da cajin waya 10. Jimla wat 100, a awa 8 ya zama wat-awa 800. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1200 a takarda, amma irin na darma ba a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu cikin ƴan watanni. Ke nan 600 kawai ake da shi, bai kai ba. Inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gari, kuma tana cin nata kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne batirin darma mai amfiya-awa 200, ko na litiyom mai 100, wanda ya fi tsada amma ana iya zuƙarsa kusan duka. Faifan sola mai wat 300, da ranar Maradi ta kamar awa 5 mai ƙarfi, bayan an cire asara yana ba da wajen 1000 a yini.

Kurakurai uku muke yawan gani. Ana haɗa faifai kai tsaye da batir ba na'urar daidaita caji, batir ya dahu. Ana ajiye batir a ɗakin kwano rufaffe, zafin Afrilu da Mayu ya rage masa kwana. Wurinsa inuwa mai iska, a kan katako. Sai ƙurar hunturu: faifan da ya yi fari da ƙura ba ya ba da abin da aka lissafa, a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Kuma a gaya wa mutanen gida gaskiya: da an jona firji ko dutsen guga a layin nan, lissafin ya rushe.

Mataki na huɗu: rezo

Kada a sayi komai sai an gwada a ainihin ɗakin da za a zauna. A sa layin Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecoms ɗaya bayan ɗaya, da safe, da azahar, da bayan magariba lokacin da jama'a suka hau. Layi biyu na kamfani daban-daban wajibi ne. Taro da bidiyo na cin rabin giga zuwa giga ɗaya ko fiye a awa, murya kaɗai kuwa kaɗan take ci, don haka a mai da kashe kyamara al'ada. A hana kwamfuta sabunta kanta a kan layin waya. Sau da yawa ita ce ke shanye forfe cikin dare. Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Nijar a 2025, amma babbar na'urarsa kaɗai na jan wat 75 zuwa 100, kusan duk lissafin da muka yi a sama. Ya fi dacewa da wurin da mutane da yawa ke tarayya.

Mataki na biyar: sirrin bayanai

Sunayen masu cin gajiyar tallafi, lambobin waya da takardun albashi suna ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane, wadda hukumar HAPDP ke sa ido a kanta, kuma alhakin yana kan ma'aikata ko da kwamfutar tana gida. Kalmar sirri mai ƙarfi, allo mai kulle kansa bayan minti 5, kwafin ajiya kowane mako. Kwamfutar aiki ba ta kallon fim ɗin yara ba ce, kuma ba a kai ta wurin mai gyara a kasuwa da bayanan mutane a ciki.

Mai yi wa na waje aiki da kansa

Wanda ke fassara ko zane wa wani kamfani a Yamai, Kano ko Turai ba tare da kwantiragin ma'aikaci ba, ɗan kasuwa ne a idon hukuma. Ya yi rajista ta Maison de l'Entreprise, ofishin buɗe kamfanoni, ya karɓi lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, ya buɗe asusun banki, ya riƙa ba da takardar biya mai lamba. Yawancin manyan ƙungiyoyi ba sa biyan wanda ba shi da NIF. In ana iya zaɓa, a yi ciniki da yuro, tunda an ɗaure sefa da shi a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya. Naira da dalar Amurka suna hawa da sauka. A tuna kuma agogonmu ɗaya da na Faransa a lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya.

Tallafin da ya kamata a nema daga hukuma

Ba kowane gida ke da ɗakin da za a rufe ƙofa ba, musamman gidan yawa, kuma mata ne wannan ya fi shafa, don ana ganin mace a gida ana ɗauka ba ta da aiki. Tallafin da ya fi amfani a ganinmu shi ne zauren aiki na tarayya: ɗaki ɗaya, tebur 10 zuwa 15, sola, intanet mai ƙarfi, mai gadi, da ɓangaren mata. Masu buƙata su haɗu su yi ƙungiya mai rajista, su rubuta yawansu da irin aikinsu, su lissafa wuta kamar yadda aka nuna, su faɗi abin da kowa zai iya biya a wata. Daga nan su nemi ɗaki a wurin hukumar birni, su kai takardar ga ɗakin ciniki na jiha, da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo wadda ɗalibanta za su amfana, da hukumar ANSI mai kula da yaɗa fasahar zamani. A cikin takardar a ware kuɗin sauya batir da na biyan intanet na shekara, a kuma faɗi sunan muƙamin wanda zai riƙe makulli da littafin kuɗi.