Yadda za ka auna kwas ɗin satifiket kafin ka zuba kuɗinka, in aikin kula da sabar (manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan ma'aikata) kake nema

Kusan duk wata sai wani yaro da ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni ko makarantar kwamfuta ta IAI ya turo mini hoton talla a WhatsApp yana tambaya: "Yaya, in shiga?" Tambarin Cisco ne a sama, Linux a ƙasa, wata uku, a biya kashi biyu. Ga yadda nake sa su auna.

Da fari, bar tallar, je ka duba masu ɗaukar aiki. Tara sanarwar neman ma'aikata goma ko fiye, na bankuna, kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji da ke nan Yamai, ka ja layi ƙarƙashin sunan da ke maimaituwa. In rezo, wato haɗa kwamfutoci da juna, suke ta ambata, CCNA ce, satifiket ɗin kamfanin Cisco. In Linux ne, LPIC-1 ko RHCSA ta kamfanin Red Hat. In Windows da Active Directory ne, ka sani Microsoft ta yi ritayar satifiket ɗinta na MCSA da MCSE tun Janairun 2021. Cibiyar da har yau take tallar MCSA, ni ko ƙofarta ba na tsayawa.

Mataki na biyu shi ne inda na faɗi, shi ya sa zan daɗe a kai. Ka tambayi mai cibiya kai tsaye: takardar da zan fita da ita, wa ke ba da ita, ku ko kamfanin? Akwai atestasiyo, shaidar cewa ka zauna a aji, wadda cibiya ke bugawa da injinta ta danna hatimi. Akwai kuma satifiket na ainihi, wanda sai ka yi rajista da sunanka, ka zauna jarrabawa ƙarƙashin sa ido, kamfanin ya ba ka lambar da kowa zai iya tantancewa a intanet. Ni na biya wata cibiya kuɗin da mahaifiyata ta haɗa da adashinta, na yi wata uku, aka ba mu takarda mai zanen zinariya a gefe, har da walima da lemo. Ranar ganawar neman aiki mutumin ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Malam, ina lambar Cisco ɗin?" Na yi zuru. Ya turo mini kwamfuta ya ce in raba rezo ɗaya gida huɗu. Zufa ta keto mini duk da sanyin kilim ɗin ofishin. Ashe kuɗin jarrabawa ba ya cikin abin da na biya, kuma ban tambaya ba.

Don haka ka sa a rubuta maka a rasit ko tikitin jarrabawa yana ciki. In an ce "za mu taimaka maka daga baya", to ba ya ciki. CCNA 200-301 dala 300 ce ta Amurka, wato wajen jikka 170 zuwa 180 gwargwadon canji. LPIC-1 jarrabawa biyu ce, 101 da 102, kowace da kuɗinta. In abin da ke hannunka ba zai kai kwas da jarrabawa duka ba, ajiye na jarrabawa ka yi karatun da kanka. Wannan ba na jayayya a kai.

Na uku, tambayi awa nawa hannunka zai taɓa na'ura. Je ka leƙa ajin ana cikin darasi, kar ka tsaya ga ofishin karɓar kuɗi. In ka ga mutum ashirin sun zuba wa majigi ido, malami kaɗai ke bugawa, juya. Da tsohuwar kwamfuta mai RAM giga 8, irin wadda ake samu ta hannu a kasuwa, za ka sa VirtualBox kyauta, manhajar da ke ba ka kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka, ka ɗora Rocky Linux ko Debian, ka lalata, ka gyara. Packet Tracer, manhajar Cisco ta gwada rezo, ma kyauta ce in ka yi rajista da Cisco Networking Academy. Abin da ya sa nake fifita RHCSA ke nan: babu zaɓi-ka-cika, na'ura ake ba ka a ce saita kaza, gyara kaza. Tana da tsada, amma mai ita ba ya rawar hannu gaban baƙin allo. Malamin da ya ce yana da "dump", wato tambayoyin jarrabawa na sata, haddar aku zai koya maka, kuma in kamfani ya gano yana iya soke takardar.

Sai harshe. Mu Faransanci muka yi a lakwal, jarrabawar CCNA kuwa da Turanci ake yi ko Japananci, minti 120. Na ga yaron da ya iya aikin sarai ya faɗi saboda karatun tambaya ya cinye masa lokaci. Fara karanta littattafan fasahar da Turanci tun yau.

Ka lissafa da ƙarewar wa'adi: CCNA, RHCSA da na CompTIA irin su Network+ shekara 3 suke yi, LPIC-1 shekara 5, AZ-104 ta Microsoft kuma duk shekara ake sabuntawa, kyauta a intanet. Kar ka tara uku a lokaci guda alhali ko istaj ba ka samu ba. Ɗaya ta isa, sauran ka bari mai aikinka ya biya.

Wurin zama jarrabawa, duba shafin Pearson VUE, kamfanin da ke shirya jarrabawar, da kanka ka ga cibiyar da aka amince da ita, Red Hat kuma tsarinta daban ne. In a gida za ka yi ta kyamara, kar ka sa rana a watan Afrilu da tsakar rana. Cika batir, tanadi layin waya na biyu, rufe ɗaki, ka gaya wa ƴan gida kada kowa ya shigo ko da kawo shayi ne.