Babi na Bakwai: Sauya Windows, Kafin Ka Ce To

Darasi na 1: Me ake son a sauya?

'Yan uwa, barkanku da ƙoƙari. Duk wanda ya kawo wannan babi ya riga ya iya kunna kwamfuta, ya iya rubuta sunansa, ya iya ajiye wasiƙa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tambayar da ake yawan yi mini ita ce: “Malam, mai gyara ya ce in sauya Windows, in sauya?” To, Windows ita ce babbar manhajar da ke tashi da zarar an kunna kwamfuta, sauran manhajoji duk a kanta suke aiki. Kamfanin Microsoft na Amurka ne ke yin ta. Windows 10 ta fito a 2015, Windows 11 kuma a watan Oktoba na 2021. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro da ya saba aikowa, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, shi ma zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Kwamfutarka ba za ta mutu ba. Za ta kunnu, za ta yi rubutu, za ta buga takarda. Abin da ya canza shi ne, idan ɓarayin intanet suka gano wata sabuwar kafa, babu mai toshe maka ita.

Don ka san wadda kake da ita, danna maɓallin da ke da hoton taga, ka riƙe shi, ka taɓa harafin R. Ƙaramin akwati zai fito. Rubuta winver, haruffa shida, babu tazara a tsakani. Danna Enter. Za ka ga 7, ko 8, ko 10, ko 11. Rubuta lambar a littafinka.

Darasi na 2: Kwashe kayanka tukuna

Wanda zai sake wa ɗaki jinka, sai ya fitar da tabarma da tufafi da buhun gero kafin a kware tsohuwar. Haka ma a nan. Kafin kowa ya taɓa Windows ɗinka, sai takardunka da hotunanka sun koma cikin filashi. A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda haka za mu tafi sannu a hankali.

Soka filashi a ƙofarsa da ke gefen kwamfuta. In ya ƙi shiga, juya shi, kada ka tura da ƙarfi. Buɗe This PC, wato wurin da ke nuna duk ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar. Za ka ga filashin da sunansa, da wani harafi kusa da shi, kamar E ko F.

Yanzu nemi jakar da aka rubuta wa Documents. Ɗora kibiyar linzami a kanta. Danna maɓallin dama na linzamin, na dama, wanda babban yatsan tsakiya ke kai. Jerin kalmomi zai sauko. Nemi Copy. Harafi huɗu ne: C, o, p, y. A samansa akwai Cut, mai harafi uku. Kada ka taɓa Cut. Copy na barin na asali a wurinsa ya ba ka na biyu, Cut kuwa ɗauke shi yake yi ɗungurungum, ka tashi da guda ɗaya kamar yadda ka fara. Ƙirga haruffan da yatsa in kana shakka, babu kunya a ciki. Huɗu muke so.

Ka danna Copy? Madalla. Ba ka ga komai ya motsa ba, kuma daidai ne. Koma kan filashi, buɗe shi, danna maɓallin dama a farin fili, zaɓi Paste. Koren layi zai riƙa tafiya. Bar shi ya kai ƙarshe. Kada ka zare filashi yana tafiya, ko da an kira ka waje.

Sake yin haka da Pictures. Dama, Copy mai harafi huɗu, filashi, dama, Paste. Sake yi da Downloads. Dama, Copy, filashi, dama, Paste. Sannan Desktop, wato fuskar kwamfuta, inda yawancinku kuke zubar da komai.

A Desktop ɗin nan akwai tarko. Wasu hotunan da ke kan fuskar suna da 'yar kibiya lanƙwasa a kusurwar ƙasa ta hagu. Wannan ba takardar ba ce, alama ce kawai mai nuna hanyar zuwa inda take. In ka kwafe ta, hanya ka kwafa, takardar tana can baya. Wata baiwar Allah da ke riƙe da lissafin ƙungiyar mata masu sayar da shinkafa ta zo mini da filashi cike da irin waɗannan kibiyoyi, bayan mai gyara ya riga ya wanke kwamfutar. Ta ce, “Malam, wallahi na kwafe.” Gaskiya ta faɗa, ta kwafe, amma babu ko layi ɗaya na lissafin a ciki. Duba kusurwar hagu. In da kibiya, nemi takardar ta ainihi a Documents.

Saura gwaji, kuma shi ne ba ku son yi. Danna dama a kan filashin a This PC, zaɓi Eject, sannan ka zare shi, ka kai shi wata kwamfuta dabam, ta ɗakin karatu ko ta wani shagon buga takardu, ka buɗe takardu uku da hotuna uku. Ka gan su da idonka. In sun buɗe, ka gama. In sun ƙi, koma farkon darasin.

Ina roƙonku da Allah ku daina ce mini “na ga kamar ya shiga.” Ba da “kamar” ake ajiyar takardar fili ko sakamakon jarabawar ɗiyarka ba. Na faɗa a aji, na rubuta a allo, ga shi na sake rubutawa a nan, amma duk zango sai an samu wanda ya miƙa wa mai gyara kwamfuta bai kwashe komai ba, ya dawo yana salati. Mai gyara in ya ce zai yi “fomatin”, wankewa yake nufi, tas. Ba zai tambaye ka ko ka kwafe ba, yana da mutane a layi. Alhaji, Hajiya, girmanku ne, amma wannan aikin ba a wakilta yaro. Ku zauna ku yi da hannunku: dama, Copy mai harafi huɗu, filashi, dama, Paste, sannan gwaji a wata kwamfutar.

Darasi na 3: Kwamfutarka za ta iya ɗauka?

Windows 11 na bukatar RAM, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, gigabait 4 ko fiye, da wurin ajiya gigabait 64, da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. Yawancin kwamfutocin gwanjo da ake sayarwa a Birnin Kebbi, Jega ko Argungu suna da na farko da na biyu. Inda suke faɗuwa shi ne shekarun ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato Processor.

Danna dama a kan This PC, zaɓi Properties. Nemi layin Processor. In ka ga abu kamar i5-6300U, dubi lambar farko bayan ɗan karan: 6. Galibi sai ta fara da 8, ko 9, ko 10 zuwa sama kafin kamfanin ya yarda. Akwai kuma manhajar Microsoft ta kyauta mai suna PC Health Check, ita za ta gaya maka kai tsaye.

Masu gyara sun san dabarar cusa Windows 11 a tsohuwar kwamfuta. Takan shiga, amma kamfanin ya ce bai yi alkawarin ci gaba da aiko mata gyara ba, kuma sau da yawa nauyi take ƙarawa. Ni dai ban ba da wannan shawara.

Darasi na 4: To, a sauya ko a bari?

In kwamfutarka ta ci jarabawar darasi na 3, kuma kana shiga banki ko cike wa mutane fom da ita a intanet, sauya. Ga mai Windows 10 ta asali kyauta ce, sai dai kuɗin data, don abin da za a sauko da shi ya kai gigabait da yawa. In kuwa rubutu da buga takardu kawai take yi, ba ta shiga intanet, bar ta ta huta. Mai tsohuwar firinta ya fara tambaya ko za ta yi aiki da sabuwar. Mai Windows 7 ya sani tun Janairun 2020 aka daina kula da ita, kada ya shiga banki da ita.

Darasi na 5: Ranar sauyawa

Cika batir, ka jona caja. Kada ka dogara da wutar NEPA, tanadi janareto ko sola. Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta fiye da sau ɗaya, kada ka taɓa ta. Ka gwada filashinka a wata kwamfuta? In ba ka gwada ba, rufe littafin nan ka je.

Darasi na 6: Bayan an sauya

Maɓallin Start ya koma tsakiyar ƙasan fuska. In sabuwar ba ta yi maka ba, kana da kwana 10 ka koma tsohuwar ta cikin Settings, muddin ba wankewa aka yi ba.

Aikin gida: kowa ya zo da filashinsa ranar Asabar.